Wayar da Miluda Ta Ɗauka

Asabar, 3 ga Agusta, da la'asar

Na iso Walidiyya, garinmu na bakin teku. Marwan ba ya nan.

Na rubuta wannan layin na zauna ina kallonsa. Bari in faro daga farko.

Ban gaya wa kowa a nan zan zo ba. Maigidana Allal ya ce in kira yayana Bushaib tukuna, na ce a'a, so nake in ga fuskar ɗana idan ya ɗago daga cikin taɓo ya gan ni tsaye a kansa. Tun farkon bazara muka turo shi nan ya taya kawunsa aikin kawa, naman ruwan nan mai ɓawo da ake kiwo a tafki, tunda takardar gyaran lantarkin da ya yi ba ta samo masa komai a Marrakesh ba sai zaman ɗaki da cacar baki da ubansa. Na toyo masa gurasar zuma da riɗi, na rungumo ta a cinya tun daga tasha.

Daga saman tudu tafkin yana nan yadda na san shi ina yarinya, shuɗi, a kwance, teku na ta dukan duwatsu daga waje. Ruwa ya janye, gadajen ƙarfe sun fito a jere da buhunan raga a kansu. Na nemi gonar Bushaib da ido. Mutum ɗaya na hango a sunkuye. Ya kamata su zama uku: shi, da ɗansa Badar, da nawa.

Tsohon da ake kira Ba Mbarak yana ƙarƙashin lemarsa a bakin rairayi yana ɓare wa baƙi kawa, yana matsa musu lemon tsami suna zuƙewa ɗanye. Tsohon nan bai taɓa ganina ya ƙyale ni ba. Kullum sai ya ce ga 'yar birni ta zo ta koya mana cin kawa da cokali. Yau da ya gan ni wuƙarsa ta tsaya.

"Lalla Zuhur. Sun kira ki ke nan?"

"Wa zai kira ni, Ba Mbarak?"

Sai ya koma kallon lemon da ke hannunsa.

Miluda, matar Bushaib, ita ta buɗe min ƙofa. Tana ganina ta zame ta zauna a dokin ƙofar, ba sannu da zuwa, ba komai. Ina tsaye da gurasa a hannu har Bushaib ya shigo, taɓo har gwiwa. Wani ya riga ya kai masa labari.

"Zauna, Zuhur."

"Ba zan zauna ba. Ina ɗana?"

"Sun tafi."

"Ina? Safi? Jadida?"

"Sun shiga jirgi, shi da Badar. Tun ranar Talata."

Na ce wane jirgi. Na san wane jirgi. Duk wanda aka haifa a gaɓar nan ya sani.

Asabar, bayan magariba

Ranar Alhamis na yi waya da Bushaib na ce ya ba ni Marwan. Ya ce min yaran suna cikin ruwa. Bai yi min ƙarya ba.

Lahadi, 4 ga Agusta, da hantsi

Abin da na iya tatsa daga bakinsu ke nan. An wayi gari shimfiɗarsu ba kowa. Wayoyinsu a kashe. Daga wata gaɓa ta kudu aka kwashe su, a jirgin katako irin na masunta, su da wasu samarin ƙauyukan nan, za a kai su tsibiran Kanari na Sifen. Waɗanda suka sani sun ce kwana huɗu ne, biyar in iska ta yi gardama, daga nan sai a ji kira.

Wa ya haɗa su da masu jirgin? Ba wanda ya sani. Garin da in ka sayi sabon takalmi kafin ka iso gida an san lambarsa, yau ba wanda ya san komai.

Na ce wa Bushaib, "Me ya hana ka gaya min?"

Ya ce, "Na ce bari su isa, in haɗa miki labari biyu a waya ɗaya."

"Amana na ba ka."

"Nawa ma yana ciki, Zuhur."

"Naka a gabanka ya tashi. Nawa aro na ba ka."

Ya ɗauki safar hannunsa ya fita.

Allal ya kira da azahar. Ya tambayi hanya, ya tambayi gurasa, yana dariya ya ce ko ta isa da rai ko na cinye a mota. Sannan ya ce in ba shi yaron su gaisa, ya ce ai fushi ya isa haka.

Na ji bakina ya ce, "Yana cikin ruwa."

Litinin, 5 ga Agusta, da rana

Miluda ta jera wayoyinmu uku a kan farantin shayi a tsakar ɗaki. Muna zaune muna kallonsu. In ɗaya ta yi ƙara dukkanmu mu zabura. Mai gidan abinci ne yana son kawa dozin goma. Ƙanwar Miluda ce. Mai gidan abinci kuma.

Kwana biyar ɗin da suka ce sun wuce. Yanzu cewa suke wani lokaci sai an tsare mutum kafin a ba shi waya. Sun san komai, mutanen nan da ba su san komai ba.

Talata, 6 ga Agusta, da safe

Shiru.

Laraba, 7 ga Agusta, da yamma

Ɗakin ya ishe ni, na bi Bushaib gona. Na sa takalman roba na wani, ban tambayi na wa ba.

Ya yi ta aikinsa kamar ba na nan. Ya kwance buhu, ya girgiza, ya juya shi, ya kankare gansakuka, ya ɗaure, ya matsa na gaba. Gashin kansa ya yi fari a gefe, ban san yaushe ba.

Na ce, "Yaya kake iya aiki?"

"In ban juya su ba mannewa za su yi, su shaƙe."

"To su shaƙe mana!"

Ya ɗago ya dube ni, karo na farko tun zuwana. Ya ce, "Shekara biyu kafin ɗaya ta isa ci. Waɗannan Badar ne ya zuba su suna kamar farce. In ya kira ya tambaya, me zan ce masa?"

Da muka fito rairayi cike yake da mutane. Yara suna ta iyo, jiragen yawo masu launi suna kai baƙi kallon tsuntsaye. Wata mata 'yar Kasablanka da babban tabarau ta miƙo min wayarta, ta ce don Allah in ɗauke su hoto ita da 'ya'yanta, tafkin ya fito a bayansu. Samari biyu ne, dogaye, ɗaya ya dafa kafaɗar ɗaya. Na ɗauka. Ta duba ta ce, "Kai, kun ji daɗinku a nan. Mutum ya zauna a aljanna irin wannan, me kuma zai nema?"

Na ce mata haka ne.

Ba Mbarak ya ji. Da ta juya ya ce a hankali, "Aljannar da ake shiga da mota a fita da yamma." Ya tura min kujera da ƙafa. Na zauna har rana ta yi sanyi, bai tsokane ni ko sau ɗaya ba. Da ma ya tsokane ni.

Alhamis, 8 ga Agusta, da azahar

Na gaya wa Allal.

Ya ce, "Tun yaushe kika sani?" Na faɗa masa. Sai ya ce, "Ke ma?"

Juma'a, 9 ga Agusta, bayan la'asar

Allal ya zo a motar farko. Ko gida bai shigo ba, ya gangara bakin ruwa da takalmansa na fita, ya kutsa cikin taɓo har inda Bushaib yake. Daga tudu nake jin muryarsa.

"Ɗa na ba ka ko buhun kawa? Ka kwana ɗaki ɗaya da su ba ka ji fitarsu ba? Kai da kake jin motsin ruwa kana barci!"

"Si Allal, ka faɗi duk abin da kake so."

"Ka san masu jirgin! Kowa a nan ya san su!"

"Da na sani da da hannuna zan fasa jirgin."

Allal ya ɗaga hannu. Bushaib bai kare fuskarsa ba, ya tsaya kawai. Hannun ya daɗe a sama, sannan ya sauko a kan kafaɗar Bushaib, su biyun suka tsaya haka cikin ruwa, baƙi a jirgin yawo suna kallonsu. Wani har ya ɗaga waya.

Miluda ta yi kuskus na Juma'a, da kabewa da albasa mai zaƙi. Ta zuba a babban akushin, na mutum shida. Muka zauna mu huɗu. Gefe biyu ba wanda ya taɓa, mu ma namu gefen kaɗan aka taɓa. Aka miƙa wa maƙwabta.

Asabar, 10 ga Agusta, da safe

Na wanke kayan da Marwan ya bari. Da na gama shanya na tuna ban shinshina su ba tukuna. Yanzu sabulu kawai suke yi.

Lahadi, 11 ga Agusta, da yamma

Jandarma biyu, jami'an tsaron yankin, sun zo da hantsi. Suka nemi namijin gidan. Teku ya fito da wani a gaɓar kudu, suna son a je a duba. Allal ya miƙe, ya sake zama. Bushaib ya ce shi zai je, ya san su duka biyun.

Ni da Miluda muka zauna a ƙasa, bayanmu jingine da bango ɗaya. Ta kama hannuna. Na ji tana karatu, ni ko Fatiha na kasa haɗawa, in na fara sai in tsinci kaina a tsakiyar wata sura. Abin da nake roƙo a zuciyata ba zan rubuta shi ba. Na san ita ma irinsa take roƙo, hannunta cikin nawa.

Bushaib ya dawo bayan azahar. Daga ƙofa ya ce, "Ba namu ba ne."

Miluda ta ce, "Alhamdulillahi!" Sai ta doke bakinta da tafin hannu. Ta ce, "Wayyo, ɗan wata ne. Ɗan wata ne, Zuhur."

Bushaib ya zagaya bayan gida. Mun ji shi yana amai. Da ya dawo na tambaye shi ko daga jirginsu ne. Ya ce ba a sani ba. Na ce yaro ne? Ya ce in bar shi.

Litinin, 12 ga Agusta, da hantsi

Allal ya tafi. Zai tsaya Safi ya ba da sunayensu da hotunansu a wani ofishi da aka ce suna bincikawa, daga nan ya wuce gida, don Hiba ƙanwar Marwan tana wajen maƙwabta kuma ta fara tambaya. Ya ce in biyo shi. Na ce daga nan yaron ya fita, a nan zan jira.

A tasha ya ce min, "Maganar ƙarshe da na yi masa, ce masa na yi ba shi da amfani." Na ce ya shiga mota kar ta tashi.

Laraba, 14 ga Agusta, da la'asar

Ban san ta inda zan fara ba.

Na je kanti sayen sukari, na tarar da Lalla Rkiya maƙwabciyarsu. Ta rungume ni, ta yi min addu'a, ta ce kar in damu, ai yaran ba za su ji yunwa ba. Na ce kamar yaya? Ta ce, "Dabinon da Miluda ta saya ranar Litinin ɗin nan kafin su tafi ai ya ishi mutum goma. Ga burodin da ta kai gidan gashi, faranti biyu, har na ce mata biki za ku yi ba gayyata?"

Ta ga fuskata. Ta ce wai wataƙila wani Litinin ɗin ne, ita kanta ba ya riƙe kwanaki yanzu.

Na bar sukarin a kan teburin mai kanti.

Miluda tana tsugune tana gyaran kifin sardin. Na tsaya a kanta na ce, "Dabinon na wa ne?"

Ba ta yi kamar ba ta gane ba. Ta ajiye wuƙar.

"Na Badar."

"Kin sani."

"Na sani."

"Kika zauna kusa da ni, kika riƙe hannuna."

"Shekara uku yana gaya min zai tafi, Zuhur. Na yi kuka, na yi rantsuwa, na ɓoye masa takardu. Ranar ya ce min, Ummi, ko ki sa min albarka ko kar ki sa, jirgin zai tashi. To in bar shi ya tafi da ciki wayam?"

"Nawa fa? Wa ya ce ki yi wa nawa guzuri?"

"Wallahi ban san da Marwan ba."

"Faranti biyu, Miluda."

Hannunta duk jinin kifi. Ta ce, "Yayanki bai sani ba. In kin ga dama ki gaya masa."

Na faɗa mata wata magana. Ta shafi uwa da abin da ya sa ake kiranta uwa. Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da kifin.

Alhamis, 15 ga Agusta, da safe

Na ɗauke wayata daga kan farantin.

Juma'a, 16 ga Agusta, da yamma

Gari ya ɗauka wai wani jirgi ya isa. Hoton bidiyo yana yawo a wayoyi, mutane a zaune a bakin wata tashar ruwa an lulluɓe su da jajayen barguna. Mata suka cika gidan Lalla Rkiya, kai bisa kai a kan waya ɗaya. A tsayar, a koma baya, a buɗa da yatsa. Kowace ta ga nata. Ni ma na ga Marwan, na uku daga hagu, yadda yake sunkuyar da kai in ya gaji. Na rantse shi ne. Wata mata daga ƙauyen gaba ta ce ƙarya nake, wannan Abdussamad ɗinta ne, har muka ɗaga wa juna murya a kan yaron da ba a ganin fuskarsa.

Kafin magariba aka ce bidiyon na bara ne.

Miluda tana can gefe, ba ta matso ba. Ban gaya wa Bushaib zancen dabino ba. Ban san dalili ba.

Asabar, 17 ga Agusta, da rana

Ruwa ya janye. Ruwa ya dawo. An yi biki a otal ɗin kan tudu, amarya ta sauko rairayi ɗaukar hoto.

Litinin, 19 ga Agusta, da hantsi

Muna gida ɗaya, muna girki a murhu ɗaya, ba ma magana. In ta gama da tukunya ta ajiye, in ɗauka. Yau ta ajiye min shayi a bakin ƙofar ɗakina, da na'ana'a da yawa yadda nake so. Na bar shi ya huce a wurin.

Mutane sun daina cewa za su kira. Yanzu cewa suke Allah ya ba da haƙuri. Ba Mbarak ya fara faɗa min haka, na ce masa ya riƙe haƙurinsa, ba a yi min rasuwa ba. Ya ce, "To 'yar birni, na riƙe." Ya ɓare kawa ɗaya ya miƙo min. Na zuƙe. Gishirin teku ya cika min baki, na kasa haɗiyewa, na kasa tofarwa.

Talata, 20 ga Agusta

Ba abin rubutawa.

Laraba, 21 ga Agusta, bayan la'asar

Ya kira.

Zan rubuta shi yadda ya faru, sau ɗaya, ba zan sake ba.

Na sa wayata caji a kicin na hau soro kwashe shanya. Daga can na ji guɗa. Guɗar Miluda, irin wadda ban ji ba tun ranar sunan Badar. Na sauko ban san yadda na sauko ba. Tana tsaye a tsakar gida da wayata a kunne, tana tsalle kamar yarinya, tana cewa, "Badar! Ɗana! Na'am, na'am, ga ni, ɗan albarka, ga ni!" Ta ga baƙuwar lamba mai tsawo ta ɗauka. Muryar ta ce Ummi.

Ina kallonta tsallen ya tsaya. Ta saurara. Ta ce, "Wa?" Ta sake saurarawa. Sannan ta cire wayar daga kunnenta, ta dube ta, ta miƙo min da hannu biyu kamar mai miƙa abu mai zafi.

"Naki ne."

Muryarsa ta dushe, kamar ta tsoho. Yana asibiti. Wayar wata ma'aikaciya ce. Injin ya mutu tun kwana na biyu, ruwa ya yi ta jan su, wani babban jirgi ne ya tsince su. Ya ce ƙafafunsa ne kawai, amma likita ya ce za su warke. Na ce Alhamdulillahi, na ce ɗana, na ce ban san me na ce ba. Miluda tana tsaye taku ɗaya daga ni, idonta a bakina.

Na ce, "Ba ni Badar."

Shiru.

"Marwan, ba ni ɗan'uwanka, uwarsa tana nan."

Ya ce, "Ummi, a kafaɗata ya yi barci. Na ce musu barci yake. Na ce su bari gari ya waye tukuna. Ummi, na riƙe shi, wallahi na riƙe shi, su ne suka..."

Sauran ba na takarda ba ne.

Ban ce wa Miluda komai ba. Ba ta tambaya ba. Ta gyara ɗankwalinta da ya zame wajen tsalle, ta ɗaure shi sosai, ta zauna a kan matakala.

Guɗar ta kai bakin ruwa. Bushaib ya shigo a guje da safar hannu ɗaya, maƙwabta a bayansa suna dariya suna barka. Ya dube ni da waya a hannu. Ya dubi matarsa. Dariyar bayansa ta mutu da kaɗan-kaɗan.

Ya ce, "Wanne?"

Miluda ce ta ce, "Nata."

Ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa. Ya matso ya sumbaci goshina ya ce, "Allah ya raya miki shi, ƙanwata." Sannan ya nemi wurin zama, babu kujera kusa, ya zauna a ƙasa inda yake.

Laraba, bayan magariba

Na shiga banɗaki na kulle, na cusa tawul a baki. Ba kuka nake ba. Allah ka yafe min, ba kuka nake ba.

Alhamis, 22 ga Agusta, da rana

Gida ya cika. An kafa rumfa a ƙofa, an kawo kujeru, masu karatu sun zo. Babu abin wankewa, babu abin ɗauka. Mata suna shigowa su rungumi Miluda, sannan su juyo gare ni su rasa abin faɗa. Wata ta ce min barka a kunne, a ɓoye, kamar mai miƙa kayan sata. Wasu matan daga ƙauyuka suka zo da hotuna, in tambayi Marwan ko ya ga wannan, ko ya ga wancan. Matar da muka yi faɗa a kan bidiyo tana cikinsu. Na karɓi hoton Abdussamad ɗinta. Ban san yadda zan tambayi yaron ba.

Allal ya zo da Hiba. Ya yi ta raba shayi, bai zauna ba, bai kuma bari idonsa ya haɗu da na Bushaib ba.

Juma'a, 23 ga Agusta, bayan sallah

An yi wa Badar sallah a masallaci, shi da sauran, liman a gaba ba komai a gabansa. Allal ya ce sahu har waje.

Ba Mbarak bai kafa lemarsa ba yau. Baƙi suna ta tambaya ina tsohon nan mai ban dariya.

Lahadi, 25 ga Agusta, da safe

Marwan yana kira kullum da azahar, in ma'aikaciyar ta zo aiki. Ina fita bayan gida in amsa, in yi ƙasa da murya. Ba ya tambayar kowa. Jiya ya ce, "Kawu ya tsane ni ko?" Na ce a'a. Ya ce, "Ita fa?" Na ce ya ci abinci ya samu ƙarfi.

Miluda ba ta yi kuka ba har yanzu. Tana gaishe da mutane, tana nuna inda sukari yake. Bushaib ya koma ruwa jiya. Wa ya faɗa masa zancen dabino, ko ya sani tun da, ban sani ba. Na dai ga ya dawo ya zauna kusa da ita a matakala, kafaɗa da kafaɗa.

Maganar da na faɗa mata ranar kifi tana nan tsakaninmu. Na je ƙofar ɗakinta sau biyu na dawo.

Talata, 27 ga Agusta, da la'asar

Gobe za mu koma Marrakesh. Ina ninke kaya da hantsi ta shigo ta zauna a bakin gado. Ta ɗauki rigar Hiba ta ninke, ta ɗauki wata.

Na ce, "Miluda, abin da na ce miki..."

Ta ce, "Bar shi. Ba shi ya kawo ni ba." Ta shafa rigar da ke cinyarta. "In ya kira yau, ki ba ni shi."

Na ce yaron bai warke ba, ba ya iya ba da labarin, ko ni bai ƙarasa min ba.

"Ba zan tambaye shi komai ba. Ba na son in sani." Ta ɗago. "Ke ba ki taɓa lura ba? A waya muryarsu ɗaya ce. Ya dai ce Ummi, kamar ranar nan. Shi ke nan."

Da azahar wayar ta yi ƙara. Na gaya masa. Ya ce ba zai iya ba, Ummi don Allah, ba zai iya ba. Na ce zai iya. Na kai mata har ɗaki, na sa mata a hannu, na fito na ja ƙofa.

Ban yi nisa ba.

Sai na ji ta ce, "Na'am, ɗana. Ka ci abinci?"